An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Abin da Injin Casarmu Ya Koya Mini



Tun bayan taronmu na watan jiya mutane ke tare ni, wasu a bakin layi, wasu a kasuwar Jimeta, wasu kuma ta waya daga Kano da Abuja, suna tambayar me ya faru da injin casar shinkafar ƙungiya, kuma me ya sa kwamiti ya janye maganar sallamar yaron da ke kula da shi. Rahoton taro ba ya ɗaukar dogon bayani, layi biyar kawai na rubuta a kai. Shi ya sa na nemi izinin Shugaba in ba da labarin a nan da kaina, domin akwai inda laifin ya biyo ta hannuna, kuma na fi son ku ji daga gare ni.

Ga waɗanda suka daɗe ba su zo gida ba, wannan inji da karo-karonku aka saye shi. Yawancin masu kawo mana aiki mata ne masu turara shinkafa su kai kasuwa. Wasu daga fadamar Geriyo suke sayo ta, wasu daga wajen Fufore, Girei da Demsa. Abin da injin ya tara, da shi muke biyan kuɗin makarantar marayun da ke hannun ƙungiya, da shi kuma muke gyaran rijiyar burtsatse idan ta lalace. Saboda haka duk ranar da injin ya tsaya, asarar ba ta ƙarfe ba ce kaɗai.

Abin da ke juya injin shi ne moto mai layi uku. A jikin farantinsa an rubuta kilowat 15, bolt 400, amfiya 29, juyi 1460 a minti. Irin wannan moto tsohon abu ne a duniya. Nikola Tesla ya yi masa rajista a Amurka a 1888, shekara guda bayan haka Dolivo-Dobrovolsky ya ƙera irin wanda muke amfani da shi yau a Jamus. Kusan rabin wutar lantarkin da duniya ke sha, injina irin wannan ne ke shanye ta. Ba shi da rigima, ba shi da sassa da yawa. Idan ka ga ya ƙone, kusan kullum wani abu ne daga waje ya kashe shi. Wannan na karanta shi lokacin da nake difloma a fannin lantarki, har na ci jarrabawa a kai. Amma na shekara fiye da goma sha biyar ina aikin tebur, biro da takarda, ban riƙe mita ba. Ilimin yana nan a kwance, ban tashe shi ba a lokacin da ya kamata.

Moton ya fara ƙonewa a watan Disamba, ana tsakiyar kakar shinkafa. Muka ɗora shi a Keke Napep zuwa wurin mai naɗin kwail, muka biya, bayan kwana shida ya dawo, muka ce alhamdu lillahi. Babu wanda ya tambayi dalili. A farkon Afrilu, shinkafar rani ta fara shigowa, ya sake ƙonewa. A nan ne wani ya ba mu shawarar mu bar tsohon akwatin tayar da inji, mu sayi na'urar sarrafa gudun moto, wadda masu sana'a ke kira VFD, mu kuma muke ce mata inbata. Aka ce tana tayar da moto a hankali, tana kuma kare shi. Kuɗin ba ƙarami ba ne, sai da muka ranto daga asusun marayu da alkawarin mayarwa kafin sabon zangon karatu.

Mako biyu muna murna. Daga nan inbata ta fara tsayawa. Ana cikin casa sai ta ɗauke, wasu haruffa su fito a ɗan gilashinta. A kashe, a kunna, ta yi aiki, ta sake ɗaukewa. Wata rana sau biyu, wata rana sau bakwai. Mata suka fara kwashe buhunansu zuwa wani wuri.

Taron ƙarshen Mayu ya yi zafi. Wasu suka ce jabu aka sayar mana. Wasu suka ce wutar gari ce ba ta da kyau. Akwai ma wanda ya yi ƙasa da murya ya ce a bincika, kada a ce akwai hannu a ciki. Amma mafi rinjaye suka tsaya a kan yaron: yana cika wa inji kaya don ya tashi da wuri, ba ya kula, tun da ya zo ake asara. Aka yanke a sallame shi a ƙarshen wata, aka ce Sakatare ya rubuta takarda. Na rubuta. Tana cikin jakata, sa hannun Shugaba kawai take jira.

Daren ranar, bayan isha'i, aka yi sallama a ƙofar gidana. Mahaifiyarsa ce. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma roƙe ni ba. Ta ce, "Malam Sakatare, idan yaron nan ya yi ɓarna ku kore shi, ba zan ce komai ba. Amma ku gaya mini abin da ya ɓata, in san abin da zan faɗa wa mutanen da za su ba shi 'yarsu. Yanzu a unguwa cewa ake yi shi ya ƙone injin marayu."

Na rasa amsar da zan ba ta. Na rubuta takardar kora, amma ban iya faɗin laifin a jimla ɗaya ba. Da safe na je wurin Shugaba na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako biyu kafin a sa hannu." Ya ce ya ba ni.

Na fara da mai naɗin kwail, wani dattijo da ya tsufa a sana'ar. Na ce, "Baba, me ke ƙona mana moto?" Ya dube ni ya ce, "Yau ka zo da tambayar." Ya kira yaronsa ya kawo waya. Ashe duk moton da aka kawo musu sai sun ɗauki hotonsa kafin su yanke tsohuwar waya, saboda gardamar masu kaya. Ya nuna mini namu na Disamba, ya nuna mini na Afrilu. Kamar hoto ɗaya. Naɗin ya kasu rukuni-rukuni, wani ya yi baƙi ƙirin, biyu na kusa da shi suna nan da jan launinsu, sai wani baƙi, sai biyu lafiya, haka har ya zagayo.

Ya ce, "Ɗana, moto ba ya ƙarya, ƙunarsa tana faɗin abin da ya kashe shi. Idan kaya aka cika masa, duk naɗin ne zai dafu baki ɗaya, ko'ina launi guda. Idan waya ce ta haɗu da 'yar uwarta a ciki, wuri ɗaya za ka ga ya fashe, saura lafiya. Idan boris ya zube har abin juyi ya goga jiki, za ka ga ƙarfen ya karce. Amma idan ka ga kashi ɗaya cikin uku ya ƙone a jere irin wannan, a moton da aka yi wa haɗin delta, to layi ɗaya ne ya ɗauke yana cikin gudu, naɗi ɗaya ya ɗauki nauyin da uku ke ɗauka. Da haɗin sita ne, kashi biyu za su ƙone, ɗaya ya tsira."

Na ce, "Baba, me ya hana ka gaya mana tun Disamba?" Ya ce, "Da kuka zo, abu biyu kuka tambaye ni: nawa ne, kuma yaushe za mu karɓa."

Ko a nan maganar cika kaya ta faɗi. Yaro ba shi da ikon ɗauke layi ɗaya ya bar biyu. Amma ban tsaya ba, domin har yanzu ban san inda layin ke ɓacewa ba, ban kuma san abin da ke damun inbata ba.

Da na je wurin injin, yaron ya gaishe ni kansa a ƙasa. Na tambaye shi ko yana tuna haruffan da ke fitowa. Ya ce, "Kawu, na rubuta." Ya ɗauko wani tsohon littafin makaranta daga saman katako. Tun ranar da inbata ta fara tsayawa yake rubuta rana, da lokaci, da haruffan da suka fito, da ko wutar gari ce ko janareto. Babu wanda ya sa shi, babu kuma wanda ya taɓa tambayarsa. Na zauna a kan buhu da wannan littafi da ɗan littafin bayanin da ya zo cikin kwalin inbata, wanda ke cikin ledarsa ba a taɓa buɗewa ba. Na ware tsayawar gida-gida, sai ga shi ba cuta ɗaya ba ce, uku ce.

Ta farko, alamar cewa layi ɗaya na wutar da ke shigowa ya ɓace. Wannan ba ta taɓa fitowa a kan janareto ba, sai a wutar gari, kuma ba da an kunna ba, sai an yi kamar awa guda ana aiki. Ta biyu, OH, wato zafi ya yi yawa. Wannan tsakanin azahar da la'asar take zuwa, ko wace wuta ake kai. Ta uku, OC, wato moto ya ja wuta fiye da kima. Wannan ba ta da lokaci, amma tana ƙaruwa mako bayan mako. Haruffan sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, shi ya sa littafin da ya zo da na'ura ba abin yarwa ba ne.

Bari in ɗan yi bayanin inbata, don a gane abin da ya biyo baya. Ɗaki uku ne a cikinta. Na farko yana karɓar wutar layi uku ya mayar da ita miƙaƙƙiyar wuta irin ta batir. Na biyu manyan kafasita ne da ke tara wannan wuta, wajen bolt 560 idan abin da ke shigowa 400 ne. Na uku yana yanka ta da sauri sosai ya sake haɗa wutar layi uku, amma da saurin da aka zaɓa, ba lalle 50 ɗin da ke zuwa daga gari ba. Da haka take rage gudun moto ko ta ƙara. A kowane ɗaki akwai abin da ke auna wuta da zafi. Idan wani abu ya wuce iyaka sai ta tsaya ta rubuta abin da ta gani. Wato haruffan nan saƙo ne. Suna faɗin abin da ta ji a jikinta, ba sa faɗin wanda ya jawo shi. Mu kuwa wata guda muna zagin ɗan aike.

Ban yarda da hannuna ba bayan shekarun nan, don haka na nemo wani ƙwararren mai aikin wutar masana'antu. Abin da ya fara yi ya burge ni. Bai kwance komai ba. Ya ce aikin kashi uku ne: abin da ke gaban inbata, ita kanta da wurin da aka ajiye ta, sai abin da ke bayanta, wato waya da moto da injin da yake ja. Ya ce a bi su ɗaya bayan ɗaya, kada a canza abu biyu a lokaci guda, in ba haka ba ko an warke ba za a san maganin da ya yi aiki ba.

Muka fara da gaba. Kowa ya riga ya yanke cewa wutar gari ce, tunda a kanta kaɗai alamar ke fitowa. Amma akwai mai injin niƙa a bayanmu, taransfoma ɗaya muke sha, shi ma layi uku ne, kuma bai taɓa ƙona moto ba. Muka bar inji ya yi awa guda yana casa, sannan ya auna a inda wuta ke shigowa ginin: 401, 399, 400. Lafiya lau. Ya auna a bakin inbata: 400, 386, 384. Tsakanin wuraren biyu babu komai sai waya da makunnin canjoba, wanda muke juyawa tsakanin wutar gari da janareto. Ya ɗora mita a kan kowane haƙori na makunnin, daga shigarsa zuwa fitarsa. Biyu ba su nuna komai ba, kamar yadda ya kamata. Na uku yana nuna bolt goma sha wani abu, lambar tana rawa. Ko kafin mu buɗe, murfin ya yi zafin da ba a iya barin hannu a kai.

Da aka kashe wuta aka buɗe, haƙorin layi na uku a ɓangaren wutar gari ya yi baƙi, robar da ke riƙe da shi ta narke, notin da ke ɗaure wayar yana juyawa da yatsa. Ɓangaren janareto kuwa tas. Shi ya sa janareto bai taɓa kawo matsalar ba. Sakakken haɗi yana yin zafi, zafi yana ƙara sakar da shi, idan aka yi awa guda ana jan wuta sai ya buɗe gaba ɗaya, idan ya huce ya koma ya taɓa. Duk wanda ya zo da safe ya auna, inji a kashe, zai ce wuta lafiya.

Kada a raina bambancin 400 da 384. Matsakaicin ukun 390 ne, mafi nisa daga cikinsu ya kauce da 10, wato kashi 2.6 cikin ɗari. A moton da ke haɗe kai tsaye da layi, kowane kashi ɗaya na rashin daidaiton bolt yana iya zama kashi shida zuwa goma a rashin daidaiton amfiya. Kenan tun kafin layin ya ɗauke gaba ɗaya, wani naɗi ya daɗe yana dahuwa a hankali. Wannan makunni shi ya ci mana moto sau biyu, kuma kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na naɗi guda ba.

Sai muka koma kan zafi. Mun kafa inbata a cikin ɗakin casa, jikin bangon langa-langa da rana ke duka daga yamma, saboda nan ne waya ta fi kusa. Duk wanda ya san Yola ya san yadda Maris da Afrilu suke a wannan kwari na Binuwai, zafi yana haura digiri 40 a inuwa. Yawancin moto da inbata kuwa an ƙera su ne su ba da cikakken ƙarfinsu a iskar da ba ta wuce 40 ba. Mun rataya ma'aunin zafi a ɗakin, ko da damina ta fara, da ƙarfe biyu na rana ya wuce 43. Mai aikin ya kashe wuta, ya sa muka jira minti goma sha biyar, ya auna ya tabbatar kafasita sun sauke, sannan ya taɓa. Ina roƙon duk mai inbata ya riƙe wannan: bayan an kashe wuta, akwai wutar da za ta iya kashe mutum a cikinta na wasu mintuna. Da ya cire murfin baya, haƙarƙarin ƙarfen da ke fitar da zafi ya toshe da buntu da ƙurar dusa kamar an yaɓa, ɗaya daga cikin fankokinta biyu kuma ta daina juyawa. Ƙa'idar da masu lantarki ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka tsara yana raba tsawon ran rufin waya biyu, haka ma kafasita. Da inbata ba ta riƙa tsayawa ba, da ita ma mun binne ta kafin shekara.

Saura ta uku. A nan ne na fi tsoro, domin na ɗauka sabon naɗin ne ya fara lalacewa. Ya cire wayoyin moto daga jikin inbata tukuna, domin na'urar gwajin rufin waya tana tura bolt 500, idan ta bi ta cikin inbata za ta iya lalata ta. Gwaji ya nuna rufin lafiya, naɗi ukun kuma daidai suke da juna. Ya mayar, ya cire bel, ya kunna moto shi kaɗai. Amfiya 10 a kowane layi, babu ƙara, babu rawa. Ya ce, "Moto ba shi da laifi." Ya mayar da bel, inji babu shinkafa ko ƙwaya, sai ga amfiya 17. Ya kashe, ya sake cire bel, ya ce in juya sandar injin casa da hannuna. Na ji tana tafiya tana cijewa, kamar akwai tsakuwa. Boris ɗin gefen fuli ya bushe, giris ɗin ya haɗu da ƙura ya zama kamar ƙasa. Ya ɗaura zare daga fulin moto zuwa na inji, sai ga shi ba su kan layi ɗaya. Tun da aka dawo da moto daga naɗi na biyu aka ɗaure shi a karkace. Bel ya riƙa zamewa, aka riƙa ƙara ɗaure shi, ɗaurin ya riƙa cin boris. Ƙari a kan haka, wanda ya kafa inbata ya bar lokacin tashi a daƙiƙa uku, wanda ya yi kaɗan ga inji mai nauyi. Bayan an canza boris, an daidaita fuli, an sassauta bel, an mayar da lokacin tashi daƙiƙa goma sha biyar, inji babu kaya ya sauko amfiya 13. Ba mu kaɗai ba ne. Manyan binciken da aka yi a masana'antun Amurka cikin shekarun 1980 sun nuna kusan huɗu cikin kowace lalacewa goma ta irin waɗannan injina daga boris take farawa.

Na so a ce labarin ya ƙare a nan. Amma akwai tambayar da ta hana ni barci. Tsohon akwatin tayar da inji yana da obalod, wato mai gadin da ke katse wuta idan moto ya ja fiye da kima. Aikinsa kenan ya hana irin ƙunar da muka gani. Ina yake lokacin da moto ke ƙonewa har sau biyu?

Muka ɗauko akwatin daga sito muka buɗe. An ɗaura 'yar gajeriyar waya ta tsallake obalod ɗin. Ko moto zai kama da wuta, ba zai katse ba. Na juya na dubi yaron. Ya ce, "Kawu, ba ni ba ne. A Nuwamba ne, da yake yawan katsewa, aka kawo mai wayarin ya yi. Na ce masa ba kyau, ya ce kwamiti ne ya aiko shi."

Na koma gida na buɗe littafin taro. Ga shi a taron Nuwamba, da rubutun hannuna: inji yana yawan katsewa, masu kawo aiki suna ƙorafi, an amince a nemo mai gyara ya hana shi katsewa kafin kaka ta wuce, Sakatare zai kula da wannan. Ni na nemo mutumin. Ni na ce masa abin da muke so shi ne kada ya ƙara katsewa. Ya yi mana daidai abin da muka nema, na biya shi, na karɓi rasit. Tun a Nuwamba makunnin ya fara lalacewa, mai gadi yana ta ihu, mu kuma muka toshe masa baki. Da difloma tawa a rataye a bangon falo.

Akwai wani injiniya na kamfanin Toyota a Japan, Taiichi Ohno, da ya koya wa ma'aikatansa cewa idan inji ya tsaya su tambayi "me ya sa" har sau biyar kafin su ce sun gano dalili. Na gwada da namu. Me ya sa moto ya ƙone? Layi ɗaya ya ɗauke. Me ya sa ya ɗauke? Haƙorin makunni ya ƙone. Me ya sa ya ƙone? Noti ya saki, babu mai dubawa. Me ya sa obalod bai cece shi ba? An tsallake shi. Me ya sa aka tsallake shi? Kwamiti ya fi jin ƙorafin layin buhuna fiye da gargaɗin na'ura. A cikin amsoshi biyar ɗin nan babu sunan yaron ko sau ɗaya. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na wani.

A taron da ya biyo baya na karanta wannan shafi na Nuwamba da ƙarfi, na ajiye guntuwar wayar da ƙonannen makunnin a kan tebur, na fito da takardar korar na yaga. Na nemi gafarar yaron a gaban kowa. Shugaba, Allah ya ƙara masa girma, ya ce ba Sakatare kaɗai ba ne, duk wanda ya ɗaga hannu ranar yana ciki. Washegari shi da Ma'aji da ni muka je gidansu muka gaya wa mahaifiyarsa abin da ya ɓaci da wanda ya ɓata shi, muka kuma ce duk wanda ya zo bincike a kan ɗanta a turo shi wurinmu.

Ga abin da taro ya amince da shi, don kowa ya sani ya kuma riƙe mu a kai. Littafin yaron ya zama littafin ƙungiya, za a riƙa karanta shi a kowane taron wata. Babu wanda zai sake tsallake obalod, fis ko wata kariya, ko da umarnin kwamiti ne, kuma mai kula da inji yana da ikon ya ƙi. Idan inbata ta tsaya sau biyu a kan alama ɗaya, a daina kunnawa a kira mai gyara. Duk moton da ya ƙone, sai an ga hoton ƙunarsa an ji dalili kafin a mayar da shi. An fitar da inbata zuwa ƙaramin ɗakin bulo na gefe inda ƙura ba ta kaiwa, za a riƙa share ta duk mako bayan an kashe wuta an jira. Duk wata uku ƙwararre zai zo ya ɗaure notuna, ya auna layi uku inji yana cikin aiki, ya duba bel da giris. Mun kuma amince ƙungiya ta biya wa yaron kuɗin koyon aikin lantarki na yamma idan asusu ya farfaɗo.

Yau mako biyar kenan inbata ba ta tsaya ba. Matan da suka tafi sun fara dawowa, ba duka ba. Bashin asusun marayu har yanzu da saura, kuma sabon zango yana matsowa. Ma'aji zai kawo cikakken lissafi a taro mai zuwa, duk mai niyyar taimakawa ya tuntuɓe shi.

Na san a cikinmu akwai masu injin niƙa, masu gidan ƙanƙara, masu ruwan leda, masu famfon ban ruwa a Geriyo. Idan na'urarka ta fara katsewa, kafin ka kira wanda zai hana ta katsewa, ka sayi littafi na naira kaɗan ka ba yaron shagonka ya riƙa rubuta lokaci da abin da ya gani. Kuma idan ya gaya maka wani abu ba daidai ba, ka saurare shi, shi ne yake wuni da injin.

Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya sa albarka a abin da muke tarawa.

Naku,
Sakataren Ƙungiya, Jimeta